Firigo Mai Ƙofa Biyu: A Auna Kafin a Saya, a Bincika Kafin a Gyara

A wannan fitowa za mu tattauna kan wani kayan gida da ya fara yawaita a ɗakunanmu, musamman a cikin kayan amare, wato babban firigon nan mai ƙofa biyu a jere, wanda ƴan kasuwa suke kira firigo amerikan. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata asara da ta same mu a gida, wadda ba mu so ta sami waninmu.

A wani watan Mayu, ana tsakiyar zafi, muka lura ruwan da ke ɓangaren dama na firigonmu ya daina yin sanyi, alhali ɓangaren ƙanƙara yana aikinsa. Muka kira wani mai gyara. Ya ɗora hannu a bayan firigon, ya ce gas ne ya ƙare. Ya cire shi daga kuran tsawon yini, ya zuba gas, muka biya, sanyi ya dawo. Bayan mako biyu cutar ta dawo. Ya sake zuwa, ya sake zubawa, muka sake biya. A karo na uku sai aka haɗa mu da wani dattijo wanda ya daɗe a sana'ar. Shi bai taɓa gas ba. Ya kwance marufin da ke bangon ciki na ɓangaren ƙanƙara, sai ga dunƙulen ƙanƙara ya rufe bututan sanyi gaba ɗaya har ya tare fanka. Wayar da ke narkar da ƙanƙarar ce ta mutu, abu ne ƙarami mai sauƙin kuɗi. Ashe sauƙin da muke gani bayan kowane zubin gas, ƙanƙarar ce take narkewa a yinin da aka kashe firigon, sa'an nan ta sake taruwa. Kafin mu gane haka mun yi asarar kuɗin gyara sau biyu, kuma maganin ciwon suga na mahaifiyarmu da ke ajiye a ciki sai da aka zubar aka sayi wani. Da mun san yadda na'urar take aiki, da hakan ba ta faru ba.

Yadda yake aiki

Wannan samfuri daga Amurka ya taso. Kamfanin Amana ne ya fara fitar da shi a 1949. Ɓangaren ƙanƙara yana hagu, ɓangaren sanyaya abinci yana dama, kowane da ƙofarsa daga sama har ƙasa. A ƙasan baya akwai kwampireso, wanda masu gyara suke kira moter. Shi ne yake matsa gas ya tura shi cikin bututu. Gas ɗin yana ɗauko zafi daga cikin firigon, ya je ya saki shi a waje ta wasu bututai da ke kusa da kwampireson, inda wata fanka take hura musu iska. Gas ba mai ba ne da ake ƙonawa; zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu shekara da shekaru. Saboda haka ba ya ƙarewa sai idan bututu ya huje. Duk mai gyaran da ya ce gas ya ƙare, a tambaye shi ta ina ya fita.

A yawancin waɗannan firigogi wuri ɗaya ne ake samar da sanyi, wato bututan da ke ɓoye a bayan bangon ɓangaren ƙanƙara. Wata fanka ta ciki tana kaɗa iskar, kuma akwai ƴar taga mai buɗewa da rufewa da kanta wadda take barin wani kaso na iskar sanyi ya ratsa zuwa ɓangaren dama. Wasu samfura na baya-bayan nan suna da bututan sanyi biyu, kowane ɓangare da nasa. Har ila yau, sau biyu ko uku a kowace rana firigon yana tsayar da kwampireso ya kunna wata waya mai zafi, wadda ake kira rezistansi, domin ta narkar da raɓar da ta daskare a kan bututan. Ruwan yana bin wani ɗan bututu ya sauka a faranti kusa da kwampireso, zafi ya busar da shi. Wanda ya riƙe wannan bayani ya riga ya san rabin cututtukan firigonsa.

Awo kafin ciniki

Daidai ruwa, daidai tsaki. Awo uku ne ya kamata maigida ya yi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Na farko, awon wuri. Faɗin irin wannan firigo kan kai santimita 90 ko 91, tsawonsa tsakanin 175 da 180, kaurinsa daga gaba zuwa baya kimanin 70 zuwa 75, nauyinsa kuma ya kan haura kilo 100. Ƙofofin ɗakunanmu da yawa santimita 80 ne, wasu ma ba su kai ba. A ɗauki mita a auna ƙofar gida, da zaure, da kowace kwana da za a bi, da ƙofar ɗakin da za a ajiye shi. Ana iya cire ƙofofin firigon a shigar da shi a sake ɗaurawa, amma idan mai famfon ruwa ne a ƙofa, akwai waya da bututu da suka bi ta maɗaurin ƙofar hagu, aikin wanda ya iya ne. A wurin ajiya a bar masa aƙalla santimita 5 ta baya da gefe da sama domin iska, idan kuma gefensa bango ne a ƙara fili, don sai ƙofa ta buɗe sosai aljihunan ciki suke jawuwa. Kada a ajiye shi kusa da murhu ko risho, ko inda rana take bugawa ta taga, ko ƙarƙashin kwanon da ba silin.

Na biyu, awon ciki. Yawancinsu suna ɗaukar lita 500 zuwa 650, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙara ne. Ƙa'idar da masu sayarwa suka saba bayarwa ita ce lita 100 zuwa 150 ga mutum na farko, a ƙara 50 ga kowane mutum bayansa. A wannan lissafi, ango da amarya su biyu ba su buƙatar lita 600. Kuɗin kuran kawai za su riƙa biya suna sanyaya iska. Gida mai mutum takwas ko goma shi ne ya dace da shi. Sa'an nan a sani ɓangaren ƙanƙararsa siriri ne, babbar tukunya ko faffaɗan tire ba su shiga. Uwargidan da take sana'ar ƙanƙara, ko zoɓo, ko kunun aya, firigon kwance mai marufi a sama ya fi mata: ya fi araha, ya fi riƙe sanyi idan kuran ya ɗauke, kuma kayan da za su lalace a cikinsa kaɗan ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na uku, awon yanayi da wuta. A cikin kowane firigo, galibi a bangon ɓangaren dama, akwai ƴar takarda a manne. Ita ce takardar haihuwarsa. A nan ake rubuta lambar samfuri, da ƙarfin wutar da yake sha, da irin gas ɗinsa da nauyinsa, da ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Aji N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kan kai 38, T kuwa har 43. Mu da muke Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, da Marwa, da Njamena, mun san a watannin Afirilu da Mayu zafi yana haura 40. Saboda haka a nemi wanda ajinsa ya ƙare da T. Firigon da aka yi wa ƙasashen sanyi zai yi aiki a nan da hunturu, amma da bazara kwampiresonsa ba zai huta ba har ya gaji.

Tsoffin firigogi da maganar kuran

Da yawa daga cikinmu okaziyo muke saya, waɗanda suke sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome. Babu laifi a ciki, amma araha ba ta ado idan ba a duba ba. Wutar ƙasashenmu volt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Wutar Amurka kuwa volt 120 ce, mai bugu 60. Firigon da ya fito daga can kai tsaye, idan aka sa shi a firis ɗinmu ba taransifo, nan take zai ƙone. Ko da taransifon ma, volt kaɗai yake ragewa, ba ya canza bugun. Moter ɗin zai riƙa juyawa da raguwar kashi ɗaya cikin shida na saurinsa, ya yi zafi, sanyinsa ya ragu. Wanda ya zo daga Turai ba shi da wannan matsala, sai dai a duba ajin yanayinsa.

A duba irin gas ɗin kuma. Wanda aka rubuta wa R12 tsoho ne ƙwarai. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa aka daina yin wannan gas, kuma ƙasashe masu tasowa sun kai wa'adinsu na barinsa a 2010. A guje shi ko da kyauta ne. Bayansa akwai R134a, sai R600a wanda yawancin sababbi suke amfani da shi. A Gana, gwamnati ta hana shigo da tsoffin firigogi tun daga 2013 saboda yawan wutar da suke sha. Wannan ishara ce gare mu: abin da aka rage a wurin saye, kontar tana karɓarsa wata-wata. Game da takardar nan mai launi-launi ta Turai, a sani tun watan Maris na 2021 aka sauya ma'auninta zuwa A har G, don haka tsohon A+ ba daidai yake da sabon A ba, kuma sabon firigo mai E na iya fin tsoho mai A+ tsimin wuta.

Babu abin da yake kashe firigo a ƙasashenmu kamar ɗaukewar kuran da dawowarsa. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da take zuwa daga Nijeriya, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa tsawon watanni. Idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, gas ɗin bai daidaita a bututu ba, kwampireso zai yi ƙoƙarin tashi da kaya a kansa. Maganin wannan shi ne ƴar na'urar kariya da ake sawa a firis, wadda take jinkirta shigar wuta minti uku zuwa biyar, take kuma yankewa idan wutar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Inda wuta take da rauni a ƙara da regilater, kuma ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a takardar firigon aƙalla sau uku, domin lokacin tashi kwampireso yana jan wuta fiye da ta tafiyarsa. Haka za a lissafa idan da gurup ko da hasken rana za a yi aiki. A ba firigo firis nasa shi kaɗai, mai wayar ƙasa, ba a doguwar waya tare da dutsen guga da tukunyar lantarki ba. Firigon da yake jan mutum idan an taɓa shi, a kashe shi a kira ma'aikacin lantarki a ranar; yaranmu ba takalmi suke yawo, ƙasa kuma sau da yawa a jiƙe take.

Kulawar yau da kullum

Ranar da aka kawo shi, a ɗauko shi a tsaye, a bar shi awa huɗu kafin a kunna. Idan dole ta sa an kwantar da shi a mota, a bar shi a tsaye kwana guda domin man kwampireso ya koma mazauninsa. A daidaita ƙafafunsa yadda ba zai girgiza ba, gaba ya ɗan ɗara baya tsawo don ƙofofi su riƙa rufe kansu. A saita ɓangaren dama a digiri 4, ɓangaren ƙanƙara a 18 ƙasa da sifiri.

Babban maƙiyinsa a Sahel ƙura ce. Iskar hunturu tana cika bututan baya da ƙura har su yi kamar an lulluɓe su da bargo, zafi ya kasa fita. Sau biyu a shekara, da ƙarshen hunturu da kuma bayan damina, a cire firis, a jawo firigon, a buɗe marufin ƙasan baya, a share bututan da fankar da burushi mai laushi. A duba kuma ko ɓera ya yi sheƙa ko ya ci waya. Robar ƙofa a riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. Gwajinta mai sauƙi ne: a maƙale takarda a rufe ƙofa a kanta, a ja. Idan ta zare ba wata turjiya, robar ta saki a wurin, iska mai zafi tana shiga dare da rana.

Kada a sa abinci da zafinsa, kada a jingina kaya a bakin ramukan da iska take fitowa, kuma a rufe miya da duk abu mai ruwa, domin tururinsu shi ne yake zama ƙanƙara a bututai. Mai famfo a ƙofa, a canza matacin ruwansa duk wata shida. A sani matacin nan ɗanɗano da ƙura yake gyarawa, ba ya mayar da ruwan rijiya mai cuta ya zama na sha. Na'urar yin ƙanƙara kuma tana buƙatar ruwan famfo mai ƙarfi. A unguwar da ruwa yake zuwa a hankali ko sai tsakar dare, gara samfurin da yake da tankin da ake cikawa da hannu.

Lokacin layya a yi hattara. A takardar firigon an rubuta kilo nawa yake iya daskarar da shi cikin awa 24, kuma ga irin waɗannan yawanci bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba. Idan aka cusa masa naman rago ko na sa gaba ɗaya, na tsakiya zai kwana bai daskare ba, har ya fara wari. A rarraba shi ƙananan ƙulli masu faɗi, a sa kashi-kashi. Ɗanyen nama a ɓangaren dama kwana uku zuwa biyar ne iyakarsa, kayan ciki da niƙaƙƙen nama kwana ɗaya ko biyu. Gashi da suya da kilishi da iyayenmu suka saba har yanzu su ne ajiyar da ba ta jiran kuran, kuma rabon maƙwabta da mabuƙata yana fita ne kafin a yi zancen ajiya. Idan wuta ta ɗauke, a bar ƙofofi a rufe: ɓangaren dama yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu, cikakken ɓangaren ƙanƙara har kwana biyu, wanda yake rabi kuwa kwana ɗaya, kuma a zafinmu na bazara a rage wannan lissafi. Allurar insulin da ba a buɗe ba tana son digiri 2 zuwa 8. Kada a sa ta ɓangaren ƙanƙara ko a bakin ramin iska, don idan ta daskare ta lalace.

Gane cuta kafin a kira mai gyara

Idan hagu yana sanyi dama ba ya yi, a fara zargin hanyar iska: ko fankar ciki ta tsaya, ko ƴar tagar ta maƙale, ko ƙanƙara ta toshe bututai saboda rezistansi, ko ma'aunin sanyi, ko fis ɗin zafi ya mutu. Gwajin gida shi ne a kwashe kaya, a kashe shi kwana ɗaya ƙofofi a buɗe. Idan ya dawo lafiya sa'an nan ya sake bayan mako ɗaya ko biyu, matsalar ta narkar da ƙanƙara ce. Kada a taɓa sa wuƙa ko sukundireba a fasa ƙanƙara. Huji ɗaya a bututu ya fi dukan cutar tsada.

Idan ruwa yana kwanciya a ƙasan ciki, ko ƙanƙara ta shimfiɗu a ƙasan ɓangaren hagu, bututun fitar ruwa ne ya toshe. Ruwan ɗumi yana buɗe shi. Idan ana jin ƙas, shiru, bayan ƴan mintoci a sake jin ƙas, kwampireso bai tashi ba, sau da yawa ɗan rele da ke gefensa ne ko kondansater, ko kuma wutar ce ta yi rauni. A gwada waɗannan kafin a yanke wa moter hukunci. Idan kwampireso yana aiki ba tsayawa, a duba ƙura da robar ƙofa tukuna. Sai idan ɓangarorin biyu duka ba sanyi, moter yana juyawa, fankoki suna aiki, bututan ciki kuma ba raɓa a kansu ko sai a kusurwa ɗaya, a nan ne zancen gas yake shigowa. Firigogi masu kwampireson inbata suna da allon lantarki na musamman, wanda hawa da saukar wuta suke saurin ƙonawa. Shi ma a auna shi kafin a taɓa moter.

Sayen kayan gyara

Kada a je kasuwa da sunan kamfani kawai. A ɗauki hoton takardar firigon da wayar hannu, a cire tsohon abin a tafi da shi, domin a jikinsa akwai tasa lambar. Rezistansi biyu na iya yin kama a ido, ɗaya na volt 120 ɗaya na 220. Ma'aunin sanyi na wani kamfani na iya shiga ramin, amma ya riƙa ba allon lantarki labarin ƙarya. Abubuwan roba da gilashi, kamar aljihu da kanta, na tsohon firigo sun wadatar. Rele, da fis ɗin zafi, da robar ƙofa, a sayi sababbi. Kada a yarda mai gyara ya cire fis ɗin zafi ya haɗe wayoyin kai tsaye. Shi ne yake hana rezistansi ta ƙone firigon, gobara kuwa ba ta sallama.

Robar ƙofa, da matacin ruwa, da kanta, maigida yana iya canza su da kansa, bayan ya cire firis. Duk abin da ya shafi gas aikin ƙwararre ne. R600a yana kama wuta, don haka ba a kusantarsa da wutar walda sai an fitar da shi a wuri mai iska. Ba a gauraya shi da R134a, ba a zuba ɗaya a moter ɗin ɗaya, don ko mansu ba iri ɗaya ba ne. Mai gyara na ƙwarai zai nemo hujin ya toshe, ya canza ɗan matacin gas, ya zuƙe iskar bututu da famfonsa, sa'an nan ya auna gas da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta. A yi ciniki kafin a fara aiki, a karɓi tsohon abin da aka cire, a nemi rasit da wa'adin garanti. Mai gyaran da ya yi aikinsa da amana kuma, a biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja, a riƙe shi.

Akwai lokacin da haƙuri ya fi. Idan hujin yana cikin bangon firigon inda hannu ba ya kaiwa, ko kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin wani mai kyau alhali firigon ya haura shekara goma, a bar shi. Kafin a fitar da shi tsakar gida ko bayan ɗaki, a cire ƙofofinsa, domin yaro mai wasan ɓuya na iya shiga ya rufe kansa iska ta ƙare masa.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya buɗe firigonsa yau, ya nemo takardar nan, ya rubuta lambobinta a littafin gida, ya kuma leƙa baya ya ga yawan ƙurar da ta taru kafin zafi ya shigo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke ajiyewa, Ya tsare mu da iyalanmu daga asara da gobara.